Yadda yaro ke samun tallafin karatu da lissafi a firamaren Amurka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan uwanmu Hausawa mazauna Amurka kan shirin Title I, wato shirin gwamnati na tallafa wa yara a karatu da lissafi a makaranta. Da yawa sukan ga takardarsa a jakar yaro su jefar, wai sadakar talakawa ce.

Shirin ya samo asali ne daga dokar ilimi ta 1965 da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. Gwamnatin tarayya ce ke ba da kuɗin, kuma yawan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne ke jawo shi makaranta. Galibi ana ƙirga masu cin abincin rana kyauta ko da rangwame. Idan sun kai kashi 40 cikin 100, makarantar na iya kashe kuɗin a kan kowane ɗalibi.

In ba haka ba, sai a zaɓi yara ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ba aljihun uba ake dubawa ba. Sakamakon gwaji ake dubawa, da abin da malamar aji ta gani: yaron da ke bin layi da yatsa yana inda-inda, ko wanda ɗebewa ta gagare shi. Ɗan likita ma yana iya shiga. Marasa matsuguni, da waɗanda suka yi Head Start (shirin gwamnati na share wa ƙananan yara fagen shiga makaranta) cikin shekaru 2 da suka wuce, sun cancanta kai tsaye.

Don Allah iyaye, ku je makaranta ku tambayi wane tsari take bi. In Turanci ya yi muku nauyi, ku nemi tafinta.

Naka,
Wani uba daga Bronx, New York