Canjin Wurin Aiki Bai Kamata Ya Cinye Shekarun Ma'aikacin Jirgin Ƙasa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana kan takaddamar da kan biyo bayan canjin wurin aiki tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa. Tun da layin dogo ya iso Gombe a 1963, aikin reluwe aikin yawo ne, yau Kafanchan, gobe Bauchi.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan ma'aikaci da kansa ya nemi canjin, wataƙila don jinyar mahaifiya. Waɗanda ya tarar sukan ce a sa sunansa a ƙarshen jerin masu jiran ƙarin girma tunda baƙo ne, shi kuwa yana riƙe da takardar kama aiki wadda ta girmi tasu, har tawadarta ta koɗe. Kowa na da hujja, amma a ganina tasa ta fi ƙarfi, domin hukuma ɗaya yake wa aiki, ba tasha ba.

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, mai matakin albashi na 7 zuwa 14 yakan shekara 3 kafin ya cancanci jarrabawar ƙarin girma. Idan aka sake masa lissafi daga ranar da ya sauka a sabon wuri, an tauye shi a albashi, kuma ragin zai bi shi har fansho.

Ina kira ga shugabanni da ƙungiyar ma'aikata su rubuta matsayin mai neman canji ƙarara a cikin takardar amincewa, ya karanta kafin ya sa hannu, kuma a riƙa liƙa jerin sunaye a allon sanarwa kowace shekara.

Naka,
Mai karatu daga Gombe