A Bar Wa Mutum Amsar Mai Ƙorafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni baduku ne a Sakkwato, ina ɗinka jakunkuna da takalma da fatar jan akuya, kuma ina sayarwa a wata kasuwar intanet. Can mai saye yana rubuta ra'ayinsa, yabo ko suka, kowa na gani.

Ɗan ƙanena, mai karatun kwamfuta, ya haɗa mini manhaja ta hanyar da suke kira API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da kasuwar kai tsaye. Ra'ayi na shigowa, amsa ta fita, ko ina barci.

Rannan wata baiwar Allah ta rubuta cewa zif ɗin jakarta ya ɓalle. Manhaja ta amsa mata: "Mun gode, sai kin sake dawowa." Kunya ta rufe ni! Ga shi amsar ba ta gyaruwa. Sai da na aika mata sabuwar jaka, har kuɗin mota daga aljihuna.

Na ce wa yaron, yabo kaɗai za ta riƙa amsawa. Ƙorafi kuwa a turo mini, in amsa da hannuna. 'Yan uwana 'yan kasuwa, ku duba naku.

Wassalam,
Wani baduku, Sakkwato.