Suturar Maza: Mu Nemi Araha a Hannun Ƙananan Masu Sana'armu, Amma Kada Mu Ci Guminsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi kowane magidanci a Katsina da kewaye, wato yadda mutum zai samu sutura mai kyau, mai ƙarko, a farashin da bai fi ƙarfinsa ba, kuma ba tare da an zalunci wanda ya ɗinka ta ba. Ra'ayina shi ne waɗannan abubuwa suna iya haɗuwa a riga ɗaya, kuma inda suka fi saurin haɗuwa shi ne wajen ƙananan teloli, da masu ɗinkin hula, da dukawa na garuruwanmu, idan mai saye ya san abin da zai duba da lokacin da zai saya.

Babu wanda yake buƙatar a tuna masa halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma bar kasuwa ta yi wa naira farashi a watan Yunin da ya biyo baya, kuɗin shadda da yadi suka yi tashin gwauron zabo, domin kusan dukkansu daga waje ake shigo da su da dala. Mutumin da a da yake ɗinka wa kansa da 'ya'yansa maza kaya a kowace Sallah, yanzu sai ya ɗinka wa yaran, shi kuma ya kai tsohuwar rigarsa wajen mai wanki da guga. Wasu sun koma ga gwanjo, wasu ga ɗinkakkun kayan da ake jibgowa cikin dila daga ƙasashen Asiya. Ban ga laifin kowa a nan ba, domin mai iyali da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, abinci zai fara saya kafin ya waiwayi tufafi.

Sai dai ya kamata mu riƙa yin lissafin har ƙarshensa. A misali, rigar da aka saya naira 12,000 ta koɗe, ɗinkinta ya warware bayan wata huɗu, ta fi rigar naira 30,000 da za a yi shekara uku ana sawa tsada nesa ba kusa ba, ko da yake a ranar saye ita ce ta fi daɗi a aljihu. Tun da can Hausawa suka ce araha ba ta ado. Akwai kuma wani ɓangare na lissafin da ba ya fitowa a kan farashi. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash, ya hallaka mutum 1,134, mafi yawansu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa da rahusa a manyan kantunan duniya. An ga tsagewar ginin tun kwana ɗaya kafin ya faɗi, amma aka tilasta wa ma'aikatan komawa bakin aiki. Wanda ya sayi riga daga irin wannan masana'anta ba shi da hanyar sanin halin da mai ɗinkin yake ciki, amma wanda ya kai ɗinki Ƙofar Ƙaura ko Rafindadi yana ganin telansa ido da ido, yana ganin yaran shagon, yana kuma iya tambayar yadda ake sallamarsu.

Dole a faɗi gaskiya cewa yadin kansa ya riga ya suɓuce daga hannunmu. Jihar Katsina ƙasar auduga ce, musamman yankin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari, kuma a da audugar nan ita ke ciyar da masaƙun Kaduna, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, har zuwa sauran da suka biyo bayanta suka ɗauki dubban ma'aikata. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da kwararowar yadi mai rahusa sun durƙusar da mafi yawansu. Yau idan ka shiga Kantin Kwari a Kano ko babbar kasuwar Katsina, shaddar da za a zazzage maka ko dai ta Getzner ce daga ƙasar Ostiriya, ko kuma ta Sin. Abin da ya rage mana shi ne aikin hannu, wato yanka da ɗinki, da surfani, da aikin allura a wuyan babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, da hula, da rini da bugu, da takalmin fata. A nan ne kuɗinmu yake iya tsayawa a gida, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu mayar da hankali.

Abin farin ciki shi ne a 'yan shekarun nan matasa da dama a Katsina da Daura da Funtuwa sun buɗe ƙananan shagunan ɗinki masu suna da tambari nasu, suna ɗinka kaftani da jamfa da 'yar shara su ajiye, suna tallarsu a Instagram da WhatsApp. Wasunsu aikinsu ba ya jin kunyar tsayawa kusa da na Abuja ko Legas, kuma farashinsu bai kai na can ba, saboda ba sa biyan hayar manyan kantuna. Amma hoto ba ya nuna ƙarko, shi ya sa nake ba mai saye shawarar ya je da ƙafarsa, ya ɗauki rigar ya juya cikinta waje, domin a ciki ake gane tela. Ya duba ko an bi bakin yankan an kashe shi don kada ya zare, ko kuwa an bar zaruruwa suna reto. Ya ja ɗinkin hammata da na hantsar wando a hankali, idan ya ga haske yana ratsawa tsakanin ɗinkin, to telan ya buɗe takun keke ne don ya gama da wuri. Ya duba bakin aljihu ko an maimaita ɗinki a kusurwoyinsa, tun da nan ne waya da makulli suke fara yagawa. Ya shimfiɗa rigar ya ga ko zanen shaddar na gaba ya dace da juna a dama da hagu, ko kalmasar ƙasa ta miƙe, ko kuma surfanin wuya ya kwanta lafiyayye bai tattare yadin ba. Telan da ya yarda da aikinsa ba ya jin haushin wannan bincike, shi da kansa zai miƙo maka rigar ya ce ka juya.

Game da yadin kuwa, jabu ya yi yawa, har ana buga sunan babban kamfani a bakin shaddar da ba tasa ba, a cika ta da sitaci ta yi ƙyalli, wanki ɗaya ta zama tsumma. Akwai gwaji mai sauƙi da iyayenmu suka sani. A zare ɗan zare daga bakin yadin a kusantar da shi ga wutar ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. A kuma jiƙa farin ƙyalle a goga a kan yadi mai launi don a ga ko yana zuba. Wannan yana da muhimmanci a garin da zafin bazara yake haura maki 40, domin yadin roba yana riƙe gumi, ba ya barin iska ta ratsa. Ni a wurina, yadin auduga matsakaici da mai shago ya faɗi ainihin sunansa da asalinsa ya fi shaddar da aka laƙaba wa babban suna na ƙarya, kuma sau da yawa shi ne ya fi sauƙin kuɗi.

Sai batun lokaci, wanda shi ne babbar ƙofar rahusa ta halal. Duk mun san yadda shagunan teloli suke a goman ƙarshe na azumi: janareta na ruri har asuba, yara na gyangyaɗi a kan keke, kuɗin ɗinki ya hau, aikin kuma ya zama na gaggawa. Wanda ya kai ɗinkinsa a watannin Muharram da Safar, bayan an gama hidimar Babbar Sallah kasuwa ta yi sanyi, zai samu telan da kansa ya zauna masa, ba yaronsa ba, kuma zai samu sauƙin farashi ba tare da ya matsa ba. A wannan lokaci ne kuma masu ajiye ɗinkakkun kaya suke karya farashin abin da ya rage musu don su samu jarin sabon sari. Abokai ko 'yan uwa huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi bandir guda a farashin sari su raba, maimakon kowa ya yanki yadi biyar shi kaɗai. Haka kuma tsohuwar babbar riga mai kyakkyawan aiki ba a yar da ita, a kai ta marina a sake rina ta, a kai wa mabuga, za ta dawo da kwarjininta. Hular ƙube ko zanna ta hannu, in dai ana kai ta wajen masu wankin hula, takan yi shekaru tana aiki.

Inda na fi so masu karatu su tsaya su yi tunani shi ne wajen ciniki. Akwai wata ɗabi'a a cikinmu da take damuna ƙwarai. Mutum zai shiga babban kanti ya ga takalmi ɗan waje, a faɗa masa kuɗi ya biya ko tari bai yi ba, amma idan ya zo gaban baduku da ya yanka fata ya ɗinka da hannunsa, sai ya taya rabin kuɗi, ya yi ta jan rai har sai bawan Allah ya sallama don kada ya koma gida hannu rabbana. Hular hannu da muke taƙama da ita ranar Juma'a da ranar hawan Sallah, mafi yawanta mata ne suke ɗinka ta a cikin gidaje, wasu zawarawa, wasu masu riƙon marayu, kuma hula ɗaya mai cikakken aiki takan ci makonni ana bin zane da allura, ido na ƙaiƙayi, wuya na ciwo. Kafin ta iso kan mai saye ta bi ta hannun mai ba da zare, da mai wanki, da dillali, da mai shago, kuma duk abin da aka rage a wajen ciniki, a kan matar nan yake sauka, domin ita ce ba ta da bakin magana a kasuwa. Rahusar da aka samu ta wannan hanya ba abin murna ba ce. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa tun kafin guminsa ya bushe, kamar yadda Ibn Majah ya ruwaito, amma a garin nan telolin da suke bin manyan mutane kuɗin ɗinkin Sallar bara ba su ƙirguwa. Hanyar da ta dace ita ce a rage 'yan tsakiya, a sayi hula kai tsaye daga gidan da ake ɗinka ta ta hannun 'yan uwa mata ko ƙungiyoyin matan unguwa. Ta haka mai saye zai biya ƙasa da kuɗin kasuwa, mai ɗinkin kuma ta karɓi fiye da abin da dillali yake ba ta.

Su ma masu sana'ar akwai nauyi a kansu, kuma ba zan ɓoye ba. Saɓa alkawari ya zama tambarin teloli har ana yi musu waƙa da shi, kuma shi ne babban abin da yake kora mutane zuwa ga ɗinkakkun kayan waje. Na san wani ango da ya ba da kafin alƙalami wata guda kafin ɗaurin aurensa, amma da aron riga ya je masallaci. Irin wannan mutum da wuya ya sake amincewa da telan gida. Ina kira ga ƙungiyoyin teloli su sa mambobinsu su riƙa ba da rasidi mai ɗauke da ranar karɓa, da yawan yadin da aka kawo, da kuɗin da aka biya, su kuma mayar wa mai kaya ragowar yadinsa ba sai ya tambaya ba. Yaran shago da suke kwana a kan keke su ma ma'aikata ne, ya kamata a yanka musu rabo bayyananne daga kowane ɗinki da suka yi, a kuma bar masu zuwa makaranta su je.

Ga hukuma kuwa, ba sabon abu ake nema ba. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da umarni mai lamba 003 da ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan da aka yi a gida wajen saye, ciki har da kayan sarki da takalma, kuma a nan Katsina ne Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma a watan Mayu na 2019. Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kafin ya hau mulki, saboda haka ya san matsalar waɗannan mutane ciki da bai. Ina roƙon a riƙa raba kwangilar ɗinkin kayan makarantu da na ma'aikatan jiha ga ƙungiyoyin ƙananan teloli a kowace ƙaramar hukuma, a samar musu da wutar sola a rukunin shagunansu don kuɗin man janareta ya daina hawa kan kuɗin ɗinki, a kuma shirya musu baje koli a Katsina da Daura da Funtuwa, wata biyu kafin azumi, inda mai saye zai haɗu da mai yi ba tare da dillali ba.

Ya Edita, ina kuma roƙon jaridarka ta tura wakilanta su zauna da masu ɗinkin hula da dukawa da marina da mabuga, su tambaye su nawa ake biyansu a kan kowane aiki da kuma nawa ake sayar da shi a kasuwa, a buga alƙaluman a fili domin masu saye su san inda kuɗinsu yake tafiya.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.