Zuwa ga Baba, a kan karatun Auta

Ruwan-Noranda, Kanada
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Inna da Gwaggo da duk mutanen gida. Yaya damina? An ce min bana ruwa ya sauka sosai a yankinmu na Mayo-Luti, can arewacin Kamaru, gyaɗa har ta rufe ƙasa. Allah ya sa a kwashe lafiya. Ni ma lafiya lau nake, sai kewa. Yanzu lokacin zafinsu ne a nan, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, mutum ya yi isha'i ya ɗan kishingiɗa sai ga asuba.

Za ku yi mamakin ganin takarda, alhali duk Juma'a muna magana ta WhatsApp. Dalili shi ne ranar da kuka ce min kun yanke Auta zai tafi Ngaundare ya karanta shari'a kamar yadda na yi, na ce muku "to", kuma wannan "to" ɗin ta hana ni barci. A waya ba na iya ja da ku, kunya ba ta bari na. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na san Auta ne zai karanta muku, to ya karanta duka, har wurin da na yi masa faɗa, kada ya tsallake.

Da farko barka da arziki da samun bak ɗinsa, wato shaidar gama sakandare. Yaron ya yi ƙoƙari, kuma ku ma kun yi.

Baba, na san abin da ke zuciyarku. Tun muna yara, duk ranar 20 ga Mayu kukan kai mu filin fareti, ku nuna mana sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, da kakinsa da hularsa, ku ce Allah ya nuna muku naku a haka. Ban manta ba. Ni ma da wannan hoton na shiga mota zuwa Dang, inda jami'ar Ngaundare take, da shi na yi shekara uku ina cin wake da shinkafa a ƙaramin ɗaki har na karɓi lisans, wato digirin farko. Kun sayar da buhunan gyaɗa kun biya sefa dubu 50 na rajista kowace shekara, ban da kuɗin ɗaki da na takardu. Karatun kuma ba na banza ba ne, har gobe ina cin amfaninsa, domin ba wanda zai miƙo min takarda in sa hannu ban fahimci abin da ke ciki ba.

Amma ku tuna abin da ya biyo baya. Na dawo garinmu Gidar da takardata, na zauna na lissafa wuraren da mai karatun shari'a zai iya shiga a garinmu: kotu, ofishin purefe (na sama da sufurefe) da na sufurefe, meri (ofishin magajin gari), sai ofisoshin masu rubuta yarjejeniya da isar da sammaci. Yatsun hannu ɗaya sun kusa isa. Kowace kujera da mai ita, kuma wanda ya zauna ba ya tashi sai ritaya ko mutuwa. Manyan kujerun ma ba a Gidar ake raba su ba, daga Yawunde ake turo mutum bayan ya ci konkur, wato jarrabawar gasa ta neman gurbi. Sau biyu na hau jirgin ƙasa daga Ngaundare na kwana a hanya don rubuta konkur, sau biyu sunana bai fito ba. Ba na zargin kowa, masu nema sun yi wa gurbin yawa ne. Daga nan sai koyarwa ta wucin gadi a wata makaranta, ana biya na da awa, wata uku kafin a ga kuɗin wata ɗaya. Da dare kuma in hau babur ɗin Kawu in yi kabu-kabu, in rufe fuska da rawani don kada ɗalibaina su gane ni. Wannan ban taɓa gaya muku ba, amma ina jin Inna ta sani.

A wannan shekarar ce injin ɓarar gyaɗarku ya tsaya ana tsakiyar kaka. Mako uku yana ajiye, muna jiran wani makanike ya zo daga Garwa, tafiyar kilomita wajen 100, kuma da ya zo sai da kuka biya masa mota da abinci ban da ladan aiki. Ina tsaye a kansa da lisans ɗina a cikin akwati, ya buɗe, ya canja wani abu da bai kai tafin hannu ba, injin ya tashi. A ranar ban ɗauki darasin ba. Sai da na ƙetare teku aka sake karanta min shi.

Da na sauka Montreyal na ɗauka tun da Faransanci suke yi, kuma dokarsu ta zaman jama'a a jihar Kebek tushenta ɗaya da ta Faransa, hanya a buɗe take. Ashe ba haka ba ne. Akwai takardar da gwamnati ke bayarwa ta ce karatunka ya yi daidai da mataki kaza a nan, amma wannan takarda ba ta ba ka izinin yin aikin lauya. Sai ƙungiyar lauyoyinsu ta duba, ta ce ka koma aji ka yi darussa kaza, ka yi jarrabawarsu, ka yi zaman koyon aiki. Shekaru ne da kuɗi, ni kuma ga haya ga ku a gida. Wata goma sha huɗu na yi ina ɗaga kwalaye a wani sito. Mu huɗu ne 'yan Afirka a layinmu, kowa da digiri, ɗaya ma da biyu.

Wata dattijuwa a ofishin taimaka wa baƙi ita ce ta juya min tunani. Ta karɓi takarduna ta duba, ta ajiye gefe, ta ce in bar tambayar me na karanta, in tambayi garin da zan zauna da me yake ci. Ta nuna min taswira, ta sa yatsa a can arewa, tafiyar sama da kilomita 600 daga Montreyal, awa bakwai a mota cikin daji. Nan ne nake yanzu. Ku gaya wa Inna sunan garin ba shi da alaƙa da ruwan kowa, haka suke faɗar sa kawai, tun da kullum sai ta tambaye ni ruwan wa ne.

Garin ƙarami ne, mutanensa dubu 42 ne da 'yan kai, bai ma kai Gidar cika ba. Abin da ya kafa shi ma'adinai ne. Akwai masana'antar narka jan ƙarfe da ke aiki tun 1927, dogayen bututun hayaƙinta ana hango su ta ko'ina, kuma yankin gaba ɗaya, wato Abitibi, cike yake da ramukan haƙar zinariya. Duk abin da ake koyarwa a nan ya karkata ne wajen abin da ƙasar ke bayarwa. Jami'arsu ƙarama ce, amma ta yi suna a karatun ma'adinai da na gandun daji. Makarantun sana'a kuma suna fitar da masu walda, masu lantarki, masu gyaran manyan injuna, masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Har ma'aikatan jinya daga Kamaru na tarar a yankin, su da karatunsu aka nemo su tun daga gida.

Ina da shekara 31 na koma aji tare da yara sa'o'in Auta. Kwas ɗin lantarki da gyaran injuna ne, awa 1,800, kusan shekara ɗaya da rabi. Ranar farko malamin ya miƙo min abin auna wuta na riƙe shi a juye, yaran suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Ban gama ba aka ɗauke ni aiki a wurin da na yi koyon aiki. Yanzu famfunan janye ruwa daga rami nake gyarawa, da bel ɗin da ke jan duwatsu. Hannuna ya yi kanta, Baba, ba na sa kwat, kuma da sanyi akan kai 30 ƙasa da sifili ina waje. Amma kuɗin rufin ɗakin Inna daga nan ya fito, ba daga lisans ba.

Abin da na gane game da ƙaramin gari shi ne, ƙofofinsa kaɗan ne, amma wanda ya zo da mabuɗin ɗaya daga ciki ba ya bin layi. A Duwala ko Montreyal kowane irin karatu yana da kasuwarsa, sai dai ku dubu ne a bakin ƙofa. A Gidar ko nan, idan abin da ka iya shi garin ke nema, kafin wata shida kowa ya san lambarka. Idan kuma ba shi ba ne, ko kai ne na ɗaya a ajinku, sai dai ka tattara ka bar garin. Ba zan ɓoye muku aibinsa ba: garin da ya dogara da abu ɗaya, in abin ya yi atishawa kowa sai ya kwanta. Tsofaffin nan suna ba da labarin shekarun da farashin ƙarfe ya faɗi aka rufe ramuka, kamar dai yadda kasuwarmu ke mutuwa duk shekarar da auduga ba ta yi ba. Shi ya sa na fi son sana'ar da mutum zai iya ɗauka a jaka ya yi wa kowa, ba wadda sai kamfani ɗaya ba.

To mu auna Gidar da wannan mudun. Muna da masana'antar gurzar auduga ta SODECOTON a cikin gari. Ga sumunti a Figil, nan kusa da mu. Ga tashar wutar hasken rana ta megawat 15 da aka kafa mana, da irinta a Marwa, saboda madatsar Lagdo, wadda tun 1982 ake dogaro da ita, ba ta iya riƙe arewa duka idan ruwa ya ja baya. Ban ce Auta zai samu aiki a waɗannan wuraren ba, tashar sola ma in an gama gina ta mutane kaɗan take buƙata. Abin da nake kallo shi ne na bayansu: farantan sola da ke hawa rufin gidaje da shaguna, foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfonsa a kowane ƙauye, injunan niƙa da na matsar mai, firizar masu kifi da masu ƙanƙara. Duk waɗannan lalacewa suke yi, kuma har yau yawanci sai an kira wani daga Garwa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Shi Auta abin da yake so ke nan, tsoro ne ya hana shi faɗa muku. Tun yana aji uku yake kwance rediyonku yana mayarwa, kuna yi masa faɗa. Akwai IUT, wato makarantar fasaha, a jami'ar Ngaundare, shekara biyu a sashen kula da injunan masana'antu mutum ya fito da difloma, in yana so ya ƙara ta uku. Akwai kuma makarantar injiniyoyi ta jami'ar Marwa, suna da sashen makamashin rana da na ruwa. Dukansu da konkur ake shiga, don haka ba gudun wahala ba ne. Ina roƙon ku bar shi ya rubuta duka biyun. In bai samu ba, rajistar shari'a tana nan, ko a Ngaundare ko a jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ba inda za ta je.

Yanzu kai Auta, saurara. Na ji yanzu kuma kana cewa kwamfuta za ka karanta saboda abokanka duk can suka nufa. Kafin ka cika wata takarda, ɗauki biro ka zaga gari daga tasha zuwa kasuwa, ka rubuta wurare nawa ne za su biya ka albashi don wannan karatun. Sannan ka shiga wurin masu injin niƙa, da asibiti, da masu foraj, ka tambaye su wa suke kira in abu ya tsaya, kwana nawa suke jira, nawa suke biya. Ka turo min abin da ka samu. Kuma hutun nan kada ka zauna a majalisa kana shan shayi, ka je wurin mai gyaran janareta na bakin kasuwa ka ce a ba ka ko wankin sassan inji ne. Mai takarda da bai taɓa ɓata hannu ba, masu injin suna gane shi tun daga yadda ya tsuguna. Ka kuma bar mafarkin biyo ni, a kalla yanzu. Hanyar shigowa nan ta ƙara tsanani, kuma hotunan da kake gani ba sa nuna mutum yana share ƙanƙara da ƙarfe biyar na asuba.

Baba, akwai magana ta ƙarshe, ita ce ma ta fi damuna. A ce Allah ya ba Auta sa'ar da ban samu ba, ya ci konkur, ya sa kakin nan. Ba Gidar za a kawo shi ba. Gwamnati inda ta ga dama take tura ma'aikacinta, yau Kiribi, gobe can gabas cikin kurmi, sai dai ku gan shi da sallah in an ba shi izini. Ni na riga na yi nisa, Yaya tana gidan mijinta a Marwa. Ranar da ƙafarku ta kumbura bara, maƙwabci ne ya kai ku asibiti a babur, ni ina nan ina kallon waya, awa biyar tsakanin agogona da naku, ba abin da zan iya. Ina son a samu ɗaya daga cikinmu da karatunsa zai ciyar da shi a garin da kuke.

Kuɗin konkur da na mota da na ɗaki duk a kaina, zan turo wa Kawu ƙarshen wata. Auta ya fara haɗa takardar haihuwa da sakamakon bak da hotuna tun yanzu, kada a bari sai ana gobe za a rufe. In kun ga na yi rashin kunya a wani wuri, ku yafe min. Hukunci naku ne, duk abin da kuka yanke zan bi.

A gaida Inna, a ce mata kukar da daddawar da ta aiko sun kusa ƙarewa, in an samu mai zuwa a haɗo da busasshiyar kuɓewa, amma ban da kilishi, ba sa barin nama ya shigo. A gaida Gwaggo, da Liman, da mutanen zaure. Zan kira ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci.

Wassalam,
Ɗanku