Sanarwa: Jigilar Kaya da Kare Muhalli

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

A wannan makon za mu tattauna yadda jigilar kaya ke shafar muhalli, da abin da ya rataya a wuyanmu mu masu tafiyar da kasuwanci.

Ni abin da ya fi damuna shi ne motar da ke dawowa wayam. Ko a Tarayyar Turai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nisan da manyan motocin kaya ke yi, babu komai a cikinsu. An ƙona mai, an biya direba, taya ta cinye, hayaƙi ya tashi, ba a kai ko kwali ɗaya ba. Da kamfanoni biyu za su haɗa kai, wannan ya ɗauko wa wancan kaya a hanyar dawowa, da aljihu ya huta, iska ma ta huta.

Sai gaggawa. Kayan da aka tura ta jirgin sama kan jawo hayaƙi ninkin ba ninkin na jirgin ruwa, kuma sau da yawa rashin yin oda da wuri ne ke kai mu ga hakan.

Dokoki ma suna ƙara tsauri. Tun 1 ga Janairun 2020 hukumar IMO, mai kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta rage sinadarin sulfa mai gurɓata iska a man jiragen ruwa zuwa kashi 0.5 cikin ɗari.

Don Allah kowa ya duba takardunsa na watan jiya: tafiya nawa motarsa ta dawo babu kaya? A turo amsa kafin daren Alhamis.