Shawara ga masu neman gilashi don tsofaffin kyamarori

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin matasanmu masu ɗaukar hoto a Jihar Kebbi, waɗanda suka fara sha'awar tsofaffin kyamarorin fim masu awon nisa, irin su Leica da Canon da Zorki, wasu ma da burin ɗaukar bikin kamun kifi na Argungu da su. Da yawa suna zaton dole sai gilashin Leica, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

A farkon shekarun 1930 Leica ta fara yi wa gilasanta bakin murɗawa mai faɗin milimita 39, kuma wasu kamfanoni suka bi wannan ma'auni. A 1950 David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗauki hotunan yaƙin Koriya da gilasan Nikkor na Japan a jikin Leica. Ko da kyamarar Leica M3 ta fito a 1954 da sabon baki, zobe mai kaurin milimita 1 ya wadatar tsohon gilashi ya hau. Tun 1999 kamfanin Cosina na Japan yake ƙera gilasai da sunan Voigtländer, ga kuma na Sin masu rahusa kamar TTArtisan.

Inda ake tafka asara shi ne ɗaukar cewa duk gilashin da ya murɗu ya zauna, to aiki ya yi. A bayan gilashin akwai zoben da ke tura wata 'yar ƙafa a cikin kyamara, ita ce ke haɗa hotuna biyun da mai ɗauka ke gani a taga su zama ɗaya. Gilasan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kamar Jupiter-8, an gina su kan ma'aunin kyamarar Contax ta Jamus, wanda ya ɗan saɓa da na Leica. Sai taga ta nuna saiti ya yi, a wanke fim a tarar idon amarya ya yi dishi-dishi, kunnenta ya fito tas, musamman idan an matso kusa kuma an buɗe gilashin gaba ɗaya. Na tsohuwar kyamarar Zenit ta Sobiyet kuwa bakinsu milimita 39 ne, amma ba za su taɓa yin saiti a Leica ba.

A ganina, kada kowa ya biya kuɗi sai ya gwada. A shimfiɗa tef ɗin awo, a saita a mita 1, a ɗauka, a wanke. A kuma haska tocila ta cikin gilashin, domin fumfunar damina tana cin fuskarsa, ƙurar hunturu kuma tana daskarar da man da ke cikin murɗin. Wanda zai yi oda daga waje ya tabbatar mai sayarwa ya yarda a mayar masa da kaya idan saiti bai yi ba.

Naku,
Mai ɗaukar hoto,
Birnin Kebbi