Zuwa ga Aminina, daga Tunis

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Mu nan sai godiya, in ban da sanyi da ya sa mu gaba.

Ka ce in ba ka labarin Bardo. Fada ce ta sarakunan Tunis masu laƙabin Bey, a yammacin birni, kuma asalinta tun zamanin daular Hafsawa. A 1881 Faransa ta sa Bey Muhammad Sadik ya rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta raba shi da ikonsa. Ba a jima ba, a 1888, magajinsa Ali Bey ya buɗe gidan tarihi a sashen da matan sarki ke zaune a da. Alawi ake ce wa gidan tarihin sai da ƙasar ta samu 'yanci a 1956. Ni dai a ganina, da mulki bai kuɓuce musu ba, talaka irina ba zai taka wannan ɗaki ba.

Abin da ya fi jan mutane shi ne zanen Rumawa na tsakuwa. Ka ɗauki dutse ƙarami kamar ƙwayar masara, ja da baƙi da ruwan ƙasa, a jera dubbai har su zama fuskar mutum. Daɓen gidajen attajirai ne aka ɓanɓaro daga tsoffin garuruwan Susa da Dugga da Kartaj, yawanci aka kafa a bango. Akwai na mawaƙi Birjil a zaune da takarda a cinya, mata biyu tsaye a gefensa. In ka matsa kusa, sai fuskar ta watse, ka ga tsakuwa zalla da siraran layuka tsakaninsu. Ka ja da baya taku uku, ga mutum yana kallonka.

Sai dai ginin ba ya barin ka ka natsu. Kana duban Rumawa, rufin yana kiranka: farar sassaƙa kamar an saƙa ta, da katako mai ruwan zinariya. Wuyana ya gaya mini. Ka tuna yadda muke tsayawa kallon azara a Gidan Makama mu manta da abin da ke cikin gilashi? To haka.

Kayan tsohon jirgin ruwan da ya nitse a teku kusa da garin Mahdiya, wanda masu nutso neman soso suka gano a 1907, wucewa kawai na yi. Amma na daɗe gaban warƙoƙin Alƙur'anin birnin Ƙairawan, rubutun zinariya a kan shuɗiyar fata. Da kana nan da sai an janye ka.

Majalisar dokoki na cikin harabar, shi ya sa aka rufe gidan tarihin a 2021 da rikicin siyasa ya taso, sai 2023 aka sake buɗewa. Ga kuma harin da 'yan bindiga suka kai gidan a 2015, don haka bincike a ƙofa ba wasa. In Allah ya kawo ka, ka zo da fasfo a aljihu.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum.